Yadda Tiraogo Ya Ɓata da Masu Dolon Palogo

Tiraogo Kiemde ya dawo Kudugu yana da shekara hamsin da shida, da akwatunan ƙarfe biyu, da wani tsohon injin walda, da bakin da unguwar Palogo ta riga ta manta irin kaifinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a Bobo yana like taragun jirgin ƙasa. Ranar da aka rage ma'aikata aka sallame shi tare da sa'o'insa, bai yi wa kowa ban kwana ba. Ya dai tsaya ya gaya wa mai gadi cewa ƙyauren ma'aikatar a karkace yake tun ranar da aka kafa shi, sannan ya wuce tasha.

Haka halinsa yake tun yana ƙarami, ba abin da zai wuce ta gabansa bai gano masa aibu ba. Shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai na wata mai dafa dolo, wato burukutun dawa, da ake kira Ma Sibdu. Yayarsa Nopoko ta girme shi da shekara tara, ita ta goye shi, ita kuma ta fi kowa dukansa. A gidansu, daga bakin rumfar murhu zuwa inda randuna suke jere, ɗa namiji ba ya takawa. In ƙamshin tsiron dawa ya ja Tiraogo ya leƙa, Nopoko ce ke rarumar ludayi ta ƙwala masa a ka. Aka sa shi makarantar mishan, daga can ya koyi walda, ya tafi Bobo, ya auri Odil mai saƙa, suka haifi 'ya'ya uku da duk suka watse Wagadugu da Abijan. Ita kuwa Nopoko a cikin unguwa ta yi aure, ta gaji tukwanen uwarsu da masu shan dolonta, har ta zama babbar masu dolo a Palogo. Mace ba ta kafa murhun dolo a unguwar sai ta kai mata kaza ta gaishe ta.

Watanni uku na farko Tiraogo ya gyara duk wani ƙarfe da ke gidansa, har da wanda bai lalace ba. Da aiki ya ƙare sai zaman banza ya ishe shi. Ya zama kullum da hantsi yana gidan yayarsa, a kan benci ƙarƙashin rumfar zana, shi da Pare. Wannan Pare ɗan ƙabilar Samo ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, kuma tunda Samo da Mosi, ƙabilar su Tiraogo, abokan wasa ne, shi kaɗai ke iya zagin Tiraogo ya kwana lafiya.

Tun ƙwaryar farko Tiraogo ya fara yatsina fuska. Shi a bakinsa dolon ba irin na Ma Sibdu ba ne. Na uwarsu ja ne wur, mai nauyi a harshe, ɗacinsa na zuwa daga baya. Wannan kuwa fari-fari, zaƙinsa na tsaye, kuma in ka sha uku sai kanka ya sara kafin la'asar. Ya yi ta faɗa ƙasa-ƙasa, Pare na taka masa ƙafa. Ran wata Lahadi bayan an taso daga coci, gida cike da mutane, mai naman alade na ta yanka a bakin ƙofa, sai ya ɗaga murya.

"Yaya, wannan dolo ne ko ruwan da aka ɗauraye ƙwarya?"

Nopoko tana zaune a kan kujerarta tsakanin randuna biyu, katuwar mace mai sanda a gefe saboda ciwon gwiwa. Ba ta ko juyo ba.

"In bai yi maka ba, Auta, ajiye. Akwai masu baki a bayanka."

"Masu baki ko waɗanda bakinsu ya mutu? Kin rage wuta don ki tsimi itace. Kin zuba sukari. Kuma yis ɗin burodi nake ji a nan, kar ki ce mini a'a. Da Ma za ta tashi ta ɗanɗana wannan, da kanta za ta koma ramin."

Pare ya ce, "Kai bawana, rufe wannan bakin naka mai kama da ƙofar gareji," amma ba wanda ya yi dariya.

Nopoko ta dogara sanda ta miƙe. Ta tako har gabansa, ta karɓe ƙwaryar daga hannunsa, ta tuttular da dolon a kan takalminsa na zuwa coci.

"Shekara talatin kana can kana ƙona ƙarfe. Ranar da Ma ta kwanta ciwo ni na juya ta, ni na wanke ta, kai wasiƙa ka aiko. Yau ka zo gidana ka kira sunanta a gaban mutane? Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa sai Odil ta hura maka wuta? Tashi ka fita. In ka san dolo haka, je ka dafa naka ka sha. Ƙafarka ta sake taka gidan nan, sai na karya ta."

"Zan dafa," in ji Tiraogo. "Kuma sai kin ji labarinsa."

Aka bushe da dariya har da masu riƙe ciki. Dariyar nan ita ta raka shi har gida, takalmi na ƙamshin dolo.

Odil tana kan masaƙarta ya shigo ya gaya mata. Ta tsayar da ƙoshiya ta dube shi.

"Baban Jistin, ka sha da yawa ne?"

"Ko ƙwarya ɗaya ban ƙarasa ba."

"To wallahi ba a gidan nan ba. Ka taɓa ganin namiji a bakin tukunyar dolo? So kake a riƙa nuna ni a kasuwa?"

Washegari ya sayo gangar mai, ya yanke ta biyu, ya like mata hannuwa, ya gina murhu a bayan ɗaki kusa da garken aladu. Daga nan ya shiga kasuwa neman tsiro. Labari ya riga shi isa. Mace ta farko ta ce an riga an saye nata, alhali ga shi tuli a gabanta. Ta biyu ta rufe buhunta ta zauna a kai. Ta uku ta ce, "Gwaggo, ai sai ki zo da zanenki tukuna." Daga ranar sunan ya bi shi, Gwaggo Tiraogo.

Sai ya sayi jar dawa ya ce zai tsirar da kansa. Ya jiƙa, ya baza a ƙasa, ya rufe da buhu. Karo na farko ta yi funfuna ta yi baƙi. Karo na biyu kaji suka cinye rabi. Karo na uku ta tsira, ya shanya, ya kai niƙa can wata unguwa don mai injin Palogo ya ce injinsa ba ya cin tsiron maza. Ya dama, ya tafasa yadda ya ga dama, ya tace da tsohon gidan sauro. Da ya zo wajen abin da zai tayar da shi, ba macen da za ta ba shi rabile, wato busasshen kumfan dolo da suke ajiyewa daga dahuwa zuwa dahuwa. Dole ya je kanti ya sayo yis ɗin burodi, abin da ya zagi yayarsa a kai.

Pare kaɗai ya yarda ya ɗanɗana. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dubi sama, ya furzar.

"Bawana, ka narka layin dogo ne ka zuba a ciki? Tsatsa nake ji har a haƙorina."

"Ku da kuke cin kare me kuka sani game da daɗi? Shanye."

Pare ya shanye don kar a ce Samo ya ji tsoron Mosi, ya kwana biyu yana zarya bayan gida. Sauran aka zuba wa aladu, su ma suka shinshina suka juya. A makon nan wani mai amalanke ya kawo ƙunshi gidan, ya ce matan unguwa ne suka aiko. Odil ta kwance, sai ga zane da ɗankwali sababbi fil. Ta jefa masa a cinya ta shige ɗaki, ranar ba ta yi tuwo ba.

Wani mutum da nan zai tsaya. Tiraogo kuwa ya sake dafawa har sau huɗu, duk suka lalace, ɗaya ya yi tsami kamar ruwan tsamiya, ɗaya ya ƙi tashi sam. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, aikin ya fara shiga ransa. Da safe in ya ɗaga buhu ya ga dawa ta fito da fararen saiwoyi, sai ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun yana Bobo. Yakan tsuguna ya tauna ƙwaya ɗaya, ya ji zaƙin da jiya babu shi, ya yi ta mamakin daga ina ya fito.

Pare ne ya ba shi labarin wata tsohuwa a Rewo, mai suna Kanzie, wadda ake tasowa daga ƙauyuka don dolonta. Tiraogo ya hau babur ya tafi. Ya iske 'yar ƙaramar tsohuwa mai ido ɗaya tana tace dolo da kwandon da aka shimfiɗa wa ciyawa. Ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Matarka ta mutu ne?"

"Tana nan, Iya."

"To kai ne ka mutu. Ƙanen wa ka ce?"

"Nopoko ta Palogo."

Tsohuwar ta ajiye ƙoƙon hannunta. Ashe shekaru da suka wuce, a wajen wani bikin mutuwa, Nopoko ta ce dolon mutanen Rewo ba ya bugar da ko ƙuda, kuma maganar ba ta taɓa barin zuciyar Kanzie ba.

"Ba zan koya maka komai ba," in ji ta. "Amma ga itace can yana son faskare. Idonka naka ne, ban hana shi kallo ba."

Wata biyu yana zuwa duk ranar dahuwa. Mutum mai furfura, yana faskare yana jan ruwa, tsohuwa na zaginsa daga safe har yamma. Ta ce hannunsa kamar na mai kama jaki. Ta ce Mosi ba su iya komai ba sai sarauta da surutu. Yana haɗiyewa, shi da bai taɓa haɗiye maganar kowa ba. A nan ya ga inda yake kuskure. Ya ga tana zuba ruwan ɓawon dargaza mai yauƙi don gari ya kwanta, ta kwashe ruwan saman ta ajiye, ta dafa na ƙasan shi kaɗai har ya yi kamar kunu, sannan ta haɗe su ta bar su su yi tsami daidai misali kafin a koma wuta. Ya ga dahuwar ƙarshe yini guda take ci, ana kwashe kumfa ba hutawa. Ya ga ba ta zuba rabile sai ta tsoma gwiwar hannu ta ji sanyin ya yi. Da ya gaya mata a ganga yake dafawa, sai da ta yi dariya har ta yi tari.

"A gangar mai? Kai ashe guba kake dafawa. Je ka sayi tukwanen ƙasa, jakin banza."

Ranar ƙarshe ta ƙulle masa rabile a ganye ta jefa masa. "Ba don kai ba. Don yayarka ta ji a jikinta."

Dahuwar farko a tukwanen ƙasa ta fito ja wur. Da safe ya iske randa na tsuwa, kumfa na tasowa yana fashewa. Ya ɗebo ya kurɓa, ya zauna a kan dutsen murhu ya daɗe bai motsa ba. Ba na Ma Sibdu ba ne sak, amma ɗan'uwansa ne. Pare ya zo ya sha ƙwarya ɗaya, ya miƙa a ƙara, ya sha ta biyu.

"Bawana," ya ce, "yau na 'yanta ka."

Da Tiraogo ya tsaya a nan, shi da abokinsa da randarsu, da unguwa ta gaji da dariya ta ƙyale shi. Amma shi ba sha kaɗai yake so ba, so yake a ji. Sai ya fito da benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, ya ce duk Lahadi wanda ya zo zai sha, kuma shi ba ya sayarwa, don shi ba ɗan kasuwa ba ne, sha'awa ce kawai. Makon farko mutum biyar suka zo don su yi dariya, suka tafi ba su yi ba. Mako na uku sai da aka aro benci a maƙwabta. Ya ƙara tukwane. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna zama a rumfar Nopoko suka riƙa zagayowa ta bayan layi suna sunkuyar da kai. Shi kuma yana tsaye da ludayi yana tambayar kowa da ƙarfi, "Ka ji sukari? Ka ji yis? Kanka zai sara gobe?"

Lahadi ita ce ranar cinikin masu dolo. Tiraogo ya sani sarai, amma shi yayarsa kawai yake hange. Bai tuna da matar marigayi kafinta da ke bayan layinsu ba, wadda da dolon Lahadi take ciyar da mutum shida, yanzu kuma nata na kwana yana tsami. Matan ba su zo wurinsa ba, Odil suka tare. A bakin famfo aka ture mata bokiti daga layi. A coci matan ƙungiyarsu suka matsa suka bar ta ita kaɗai a kan benci. Waɗanda suka ba ta saƙar zanen biki suka aiko aka karɓe zarensu. Matar kafintan ta tsaya a gabanta a kasuwa ta ce, "Ki gaya wa mijinki wasan da yake yi, abincin 'ya'yana ne yake wasa da shi."

Odil ta gaya masa, ba sau ɗaya ba.

"Ka dafa ka sha kai da Pare, wa ya hana ka? Me ya kai ka rabon sadaka?"

"Dawata ce, itacena ne, gidana ne. Su gyara dahuwarsu mana."

"Ni ake zagi, ba kai ba."

"Toshe kunnenki."

Ran wata Lahadi ya dawo daga coci, mutane sun fara taruwa, ya buɗe randa sai wari ya buge shi. Kumfa fari fat ya cika baki, ga guntun sabulun wanki yana yawo a sama. Ya buɗe ta biyu, haka. Ta uku, haka. Aikin kwana uku da tsiron mako biyu.

Bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki gudumar walda ya fita, Pare na biye da shi yana kiransa, yana jan rigarsa. Rana tsaka ya faɗa gidan Nopoko, ya tsallake masu sha, ya shige rumfar murhu. Akwai wata babbar randa baƙa a kusurwa, wadda Ma Sibdu ta zo da ita gidan aure, a cikinta ake tayar da kowace dahuwa. Ya san ta, ita ya nufa. Bugu ɗaya ta rabe, dolo ya malale har ƙarƙashin bencuna, mutane na ɗage ƙafa.

"Kin zuba mini sabulu, ko? To mu yi biyu babu!"

Nopoko ba ta yi ihu ba. Ta dubi ɓaraguzan, ta dube shi.

"Auta, randar Ma ka fasa."

'Ya'yanta mata biyu suka yo kansa da itacen wuta, da ƙyar maza suka fitar da shi, an fasa masa goshi.

Kwana uku bayan haka Baba Rawende, dattijon zuri'ar Kiemde, ya tara su a zaurensa. Nopoko na gefe da 'ya'yanta, masu dolon unguwa sun cika ƙofa. Tiraogo ya miƙe da tsumma a goshi ya ce shi ramuwa ya yi, duk wanda ya taɓa masa randa sai ya taɓa tasa. Nopoko ta ce a kawo duk abin da ake rantsuwa da shi, ita rabonta da layinsu tun bara. Aka fara hayaniya. Sai Odil ta tashi daga bayan mata.

"Baba, a daina wahalar da Yaya. Ni na zuba."

Tiraogo ya juyo kamar an mare shi.

"Ni na zuba, da hannuna, kafin in tafi coci. Shekara talatin ina bin mutumin nan garin mutane, na dawo gida in huta cikin 'yan'uwa, ya mayar da ni abin ƙyama. Na yi magana, ya ce in toshe kunne. To ga shi na toshe. In ya sake kafa bencin nan gobe, gobe ma zan zuba."

Wata daga ƙofa ta rangaɗa guɗa. Kunya ta rufe Tiraogo, amma maimakon ta sauko da shi sai ta ƙara ƙeƙasa masa zuciya.

Baba Rawende ya yanke hukunci. Tiraogo zai sayo randa ya kawo da zakara, ya durƙusa ya roƙi yayarsa. Dahuwa ba za a hana shi ba, tunda ba a taɓa jin dokar da ta hana ba, ba a dai taɓa samun namijin da ya rasa aikin yi har haka ba. Amma ba benci, ba taro, abin da zai sha shi da baƙonsa kawai. Kuma dolonsa ba zai shiga wajen biki ko makoki ba, ba za a zuba wa kakanni shi a ƙasa ba.

Randa ya saya, mafi girma a kasuwar, ya kai da zakaran. Durƙuson ne ya gagara. Ya tsaya ƙiƙam a ƙofar gidan ya ce, "Ga randarki." Nopoko ta ce a gaya masa ta uwarta take so, in zai iya like ta da walda ya like. Randar ta yi wata guda a bakin hanya har wata mota ta taka ta.

A gida kuwa sai da suka yi wata huɗu shi da Odil ba mai ce wa wani ci kanka. Tana ajiye masa tuwo a bakin ƙofa kamar na mai gadi, yana ci yana ajiye kwanon a wurin. Ɗansu Jistin ya zo daga Wagadugu ya yi ta faman sasanci, ya koma ba tare da ya san ko ya yi nasara ba. A hankali dai magana ta dawo, ta gishiri da ta kuɗin wuta, amma Odil ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, shi ma bai taɓa cewa ta yi gaskiya ba. Bencin dai ya shigar da shi ciki.

Ya ci gaba da dahuwa, tukunya ɗaya duk mako biyu. Yanzu da ba mai kallo sai ya fi ba ta hankali. Ya gwada farar dawa, ya gwada haɗa ta da gero, ya gano itacen da ke ba da wuta mai laushi. Wani tsohon malamin makaranta da wani direba da ya ajiye aiki suka riƙa zuwa suna kallo, daga baya kowa ya kafa 'yar tukunyarsa a bayan ɗaki a ɓoye. Da su ma sai da ya ɓata, don direban ya tayar da nasa a bokitin roba, Tiraogo ya ce masa kar ya sake cewa a wurinsa ya koya.

Shekara shida shi da Nopoko ba su gaisa ba. A coci tana dama yana hagu. In sun haɗu a makoki sai kowa ya dubi wani wuri. Da ciwo ya kwantar da Nopoko, Odil ta je dubiya ta dawo ta ce masa, "Yayarka fa ba za ta tashi ba. Ka je." Ya ce sai ta aiko. Ita ma can aka ce ta aika, ta ce ƙafarsa ba ta karye ba. Sau biyu yana sa hula ya fita, ya kai bakin layinsu, ya hango 'ya'yanta a ƙofa, ya wuce kamar kasuwa za shi. Ran wata Talata da safe aka buga ƙararrawar coci, Nopoko ta rasu.

Ya san hukuncin Baba Rawende, amma ya jiƙa dawa. Kwana uku yana bakin wuta, bai bar kowa ya taɓa masa ko itace ba. Pare, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya zauna yana kallonsa, ya kasa ko tsokanarsa. Dolon ya fito fiye da duk wanda ya taɓa yi. Ranar babban taron makoki ya ɗora randuna biyu a amalanke, ya rufe da ganye, ya tura da kansa har ƙofar gidan, mutane na darewa suna kallonsa.

Babbar 'yar Nopoko ce ta fito, wadda ta gaji murhun. Ta tsaya a tsakiyar ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Kawu, me ke nan?"

"Na yayata ne. A ba baƙi."

"Tana da rai ba ka kawo mata ko ruwa ba. Ta bar wasiyya, ta ce in ka zo a ba ka wuri ka zauna, don kai ƙanenta ne. Amma abin da ka dafa kar ya shiga gidanta. Juya da shi."

"Ke, ni kike gaya wa haka? Ranar da aka haife ki ni na..."

"Juya da shi, Kawu, kafin in kira masu dolo su juya maka."

Suna nan kuwa a bayanta, sun fi ashirin, kowace da zanen makoki iri ɗaya. Tiraogo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya juya amalanken. A hanya ƙafar amalanken ta faɗa rami, dolo ya fantsamo masa a riga, bai tsaya ba. Ya kai gida ya sauke, ya canza riga, ya koma wajen makokin ya zauna inda aka nuna masa, can ƙarshen rumfa. Aka kawo masa ƙwaryar dolon gidan. Ya riƙe ta a hannu har aka tashi, bai sha ba, bai kuma ajiye ba.

Randunan nan biyu shi da Pare ba su iya shanye ko rabin ɗaya ba. Kwana biyu suka yi tsami, ya kwarara su a bayan garke.

Yanzu Tiraogo ya haura saba'in. Pare ya rasu bara, malamin makarantar ne kaɗai ke leƙo shi, shi ma sai ya shirya jin faɗa. Masu dolon Palogo har yau ba sa amsa gaisuwarsa, kuma in zai je kasuwa sayen dawa ta bayan makarantar firamare yake zagayawa, ko da yake hanyar ta fi nisa kuma gwiwarsa ta fara ciwo. Faskare ya fi ƙarfinsa, sai dai ya sayi itace fasasshe, yana masifa wai masu faskaren yanzu ba su san inda ake sa gatari ba. Makon jiya Odil ta ce masa ya bar wannan wahala haka nan, ga hayaƙi na cinye masa ido. Ya ce ta kula da saƙarta. Ta ce ta kula, shi ya sa take son ya kawar da tabarmar tsironsa daga inda take shanya zare. Suka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo, daga ƙarshe ya ja tabarmar taku biyu zuwa gefe, ya ce daga nan ko taku ɗaya ba zai ƙara ba.